Ranar da Kawu Ya Hana Jauro Kanwa

Na ji ku sarai, ni ba kurma ba ne. Kun ce sayar da kanwa sana'ar malalata ce, wai mutum ya shimfiɗa buhu ya jera duwatsu, ya zauna yana gyangyaɗi har mai saye ya zo ya tashe shi. Ba ta ruɓewa, ɓera ba ya ci, ɓarawo ma ba ya waiwayarta. To, madalla. Ku matso ku zauna, tunda yau kasuwa ta yi sanyi, in gaya muku abin da ke cikin dutsen nan da kuke rainawa.

Ni a hannun Kawu Inuwa na koya, yayan mahaifiyata. Kakanninmu fatake ne daga ƙasar Kano, suka zo Garwa da jakuna, suka ga wuri suka zauna. Lokacin da aka kai ni rumfarsa gemu bai fito min ba tukuna, ƙasar ma ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, hoton shugaban ƙasa, ɗan garin nan, yana manne a kowane kanti. Kanwa daga arewa take zuwa mana, daga wajen tafkin Cadi, ta biyo Kusiri da Marwa a bayan kamiyon, wato babbar motar kaya, faffaɗa mai kauri, wata sai mutum biyu sun kama. Kayan aikinmu ba su da yawa: 'yar guduma mai bakin gatari ta fasawa, turmi da taɓarya na daka garin da ake ba shanu, rariya, kwanon awo, sai mangalar jaki. Babban kayan aikin kuwa a baki yake. Kawu ba ya karɓar kaya sai ya fasa tsakiyarsa ya ɗora a harshe. Kanwar da ake kira ungurnu tana da nata ɗanɗanon, jar kanwa tana da nata, wadda aka cuɗa da ƙasa kuma tun a haƙori za ka ji ta. Shekarata ta farko leɓena duk ya tsattsage, tafin hannuna ya yi kamar gindin tafkin da ya ƙafe, sai da man kaɗanya nake iya dunƙule shi. Kuma wanda ya ce muku ba ta lalacewa bai taɓa ganin rufin rumfa ya yi yoyo a kan kaya da damina ba. Na taɓa wayar gari na tarar da rabin buhu ya koma kunu.

Aikin farko da Kawu ya ba ni ba awo ba ne. Wata akuyar maƙwabta ce da ke zuwa kullum da hantsi tana lasar gindin bangon rumfarmu, inda gari ke zubewa. Na ɗauki sanda zan kore ta, ya riƙe hannuna, ya ce in zauna in kalle ta, in gaya masa abin da take cewa. Na ce Kawu, akuya ai ba ta magana. Ya ce to ni ne ba na ji. Na yi kwanaki ina kallon akuya kamar wani sakarai, 'yan kasuwa na wucewa suna tambayata ko an sa ranar biki. Daga baya sai na fara lura. Ba kullum take lasa daidai ba. Wata rana ta yi ta lasa ba ji ba gani, wata rana ta shinshina kawai ta wuce. Da ta haihu tana shayarwa, saura kaɗan ta huda mana bango. Kuma duk ranar da ta lasa da yawa, daga nan bakin rijiya take nufa.

Da na kawo masa wannan sai ya gyara zama. Ya ce jikin duk mai rai kamar tukunyar miya yake a hannun macen da ta iya girki: kullum ana ɗanɗanawa, gishiri ya yi kaɗan a ƙara, ya yi yawa a tsarma ruwa, wuta ta yi yawa a janye itace. Allah Ya sa wa jiki mai ɗanɗanonsa a ciki, kuma ba ya barci. Abin da zai iya gyarawa da kansa sai ya gyara shiru ba ka ma sani ba, kamar gumi in zafi ya yi yawa, ko rawar ɗari in sanyi ya kama ka. Abin da ya fi ƙarfinsa kuwa, sai ya tashe ka ya aike ka. Aiken nan shi muke kira ƙishirwa, shi muke kira yunwa, shi muke kira kwaɗayi. Akuyar ba ta san sunan kanwa ba, amma an aiko ta, kuma ta gane ƙofar. Don haka, in ji shi, mai kanwa dole ya iya jin aiken kafin ya kwance bakin buhu.

Masu sayenmu iri-iri ne. Akwai tsofaffin mata masu neman ta kunun mai jego, akwai masu jefa ɗan ƙanƙani a wake ko a miyar kuɓewa. Akwai kukun wani ma'aikacin gwamnati, ɗan kudu, da ke zuwa da Faransancinsa, mu yi ta nuni da hannu har mu daidaita. Sai tsofaffi masu taba gari, waɗannan su ne 'yan tsiya, sai sun lashe rabin kaya da sunan ɗanɗano. Na tuna wani daga cikinsu, ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum, yana zuwa kullum wai jikinsa ke so. Kawu ya rage masa awo, ya ce masa wannan kam ba jikinka ba ne ya aiko ka, bakinka ne ya saba. Ya koya min cewa aike ma akwai na gaskiya akwai na sabo, kuma ɗan Adam ya fi dabba ruɗewa a tsakaninsu. Amma duk waɗannan 'yan ƙananan ciniki ne. Masu riƙe da sana'ar su ne Fulani.

Ranar da na fara kai kaya rugar Jauro Hammadu ba zan manta da ita ba. Jauro shi ne babban mai sayenmu, kuma aminin Kawu tun suna samari. Rugarsa tana gabas da gari, tsakanin hanyar Pitowa da bakin kogin Binuwai. Muka ɗora mangala muka tafi da sassafe, farkon damina ne, ciyawa ta fito sharaf. Jauro dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya ko da rigarsa ce ta kama wuta. Ya sa aka jawo komi, wato gungumen itacen da aka fafe don shayarwa, aka cika shi da ruwa. Kawu ya zuba gari ya dama da hannunsa har gwiwar hannu, yana yi yana ɗanɗanawa. Shanun suna can nesa, ba wanda ya kira su. Iska ce kawai ta juya. Sai na ga wata farar saniya mai karyayyen ƙaho ta ɗaga kai ta buɗe hanci, sai wata, sai garken gaba ɗaya ya taso, ƙasa na rawa. Wallahi jakin na saki na haye bishiya. Jauro ya yi murmushi ya ce wa Kawu, da Hausarsa mai karkata, wannan Kaɗon naka zai yi tsawon rai.

Abin da Kawu ya so in gani ran nan shi ne bayan sun sha. Suna barin komi suka gangara kogi, suka sha ruwa kamar ba su taɓa ganinsa ba, suka fito suka hau ciyawa. Ya ce ka gani, kanwa ba ta ƙosar da kowa. Ƙishirwa take tasarwa, ƙishirwa ta taso da yunwa, yunwa ta kawo nama da nono. Shi ya sa ba a ba da ita sai ruwa na kusa. Ya maimaita min wannan har na gaji da ji.

Su biyun kuwa in suka zauna ƙarƙashin tsamiya sai tsiya. Kawu ya ce an tsarma wa nonon ruwa, Jauro ya ce an cuɗa wa kanwar ƙasa, alhali kowannensu ya san ƙarya yake yi. Kawu na kiransa Jauro, shi kuma yana ce masa sobajo, wato aboki da Fulatanci. Duk ranar kasuwa Jauro na shigowa gari da wata 'yar ƙwarya mai zane, cike da kindirmo, an rufe da faifai, ya ajiye a gefen turminmu bai ce komai ba. Kawu ya shanye da dambu, ya wanke ƙwaryar, ya sa ɗan ɓarin ungurnu a ciki ya mayar masa. A shekarun nan ban taɓa ganin ƙwaryar nan ta zo ko ta koma ba komai a ciki ba.

Wata rana da rani aka aiko mu je rugar, wata saniya ta kwanta bayan haihuwa ta ƙi tashi. Mun same ta ido buɗe, ƙuda na yawo a gefen idon ko ta kula. An riga an wasa wuƙa don kada ta yi mushe. Kawu ya ce a dakata. Ya tsoma yatsa a ruwa, ya goga a kanwa, ya shafa mata a saman hanci, ya koma gefe ya tsuguna. Shiru. Can sai ga harshe ya fito a hankali ya lashe. Ya sake shafawa, ta sake lashewa, sai kunnenta ya motsa, idon ya juyo ya same mu. Da farko idon yana nan amma ba kowa a cikinsa, yanzu kuwa akwai mai kallo. Kawu ya ce a mai da wuƙa kube, a kawo ruwa kaɗan-kaɗan, wannan tana da sauran bukata a duniya. Washegari kuwa ta tashi. Na sha ganin ya yi haka, kuma na ga waɗanda ba su lasa ba. Su waɗannan ba ya cewa komai a kansu, sai ya miƙe ya juya baya a yi abin da za a yi.

Labarin ya kai kunnen Malam Isiyaku, mai sayar da turare a rumfar da ke jikin tamu, wanda ke koyar da karatu da safe kafin ya fito kasuwa. Ya ce Inuwa, ka yi hattara, hankali na ɗan Adam ne, dabba ba ta san kanta ba. Kawu ya ce shi bai yi karatun da zai ja da malam ba, kuma bai ce saniya za ta ja baƙi ba, abin da ya gani kawai yake faɗa. Jariri in ya faɗo duniya me ya fara sani, sunansa, ko sanyi da yunwa? Mai barci me ke tashinsa in ba fitsari ko ƙishirwa ko zafi ba? Wanda ya suma a kasuwar nan aka yayyafa masa ruwa, in ya buɗe ido me yake fara nema? A ganinsa farkawa daga bukata take farawa, sauran hankali a kanta ake ɗora shi, yadda ake ɗora ɗaki a kan tushe. Malam ya ce to ai shi ya sa Allah kaɗai ne Mawadaci, duk wani mai rai mabukaci ne. Kawu ya ce ashe magana ɗaya suke yi, a miƙo goro. Sun shekara suna wannan musun, kuma kullum a kan goro yake ƙarewa.

Sai shekarun fari suka zo. Ku ba ku ga irinsu ba, Allah kada Ya nuna muku. Damina ta yi ta rowa, sannan ta ɗauke kusan gaba ɗaya. Binuwai da jiragen ruwa ke hawowa har gari ta koma rairayi tun kafin lokacinta. Garkuna suka yi ta gangarowa daga arewa, daga wajen Marwa da Yagwa har da na ƙetare, suka cinye ɗan abin da ya rage. Shanu suka koma cin tsumma, suna tauna ƙashin 'yan'uwansu, suna lasar ƙasa har hancinsu ya yi jini. Duk makiyayin da ya ga haka ya san abin da suke nema, sai kasuwar kanwa ta tashi. Wasu abokan sana'armu a shekarar nan suka yi gini. Kawu kuwa duk wanda ya zo sai ya tambaye shi a ina yake shayarwa. In ruwan na kusa ya auna masa, in da nisa ya ɗaure bakin buhu. Ni a lokacin na yi aure har da 'ya'ya, raina na ɓaci ina ganin ciniki na wucewa rumfar gaba, amma ban isa in yi magana ba.

Wata ranar kasuwa, rana ta take, sai ga Jauro. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ya ajiye ƙwaryar a gefen turmi kamar kullum, sai dai faifan bai zauna daidai ba, na hango cikinta a bushe. Rumfar cike take da mutane. Suka gaisa, ya daɗe a tsaye yana kallon ƙasa, sannan ya ce a auna masa buhu biyu na gari. Ku sani, mutumin nan tunda nake ban taɓa jin ya buɗe baki ya ce a ba shi wani abu ba, Kawu ne ke lura da lokaci ya kai masa har ruga. Kawu ya tambaye shi ruwa. Ya ce rijiyarsu ta ƙafe, sai sun wuni suna tafiya kafin su kai ga ruwa, kuma ba kullum ba.

Kawu ya ce, "Jauro, ba zan ba ka ba. Kai ka fi ni sani. In na tasar musu ƙishirwa, da me za ka kashe ta?"

Gaskiya ya faɗa, kuma don ƙauna ya faɗa. Amma a gaban mutane ya faɗa, da muryar kasuwa, irin wadda muka saba ciniki da ita. Mu Hausawa a ce maka babu a kasuwa ba wani abu ba ne, ka yi dariya ka sake tayi. Bafulatani irin Jauro kuwa, kafin ya roƙi abu a bainar jama'a sai da ya haɗiye abin da ya fi ƙarfin maƙogwaronsa, kuma ba ya roƙo sau biyu. Da Kawu ya ja shi bayan rumfa ya zaunar da shi, da ba haka ba. Tun suna samari suke tare, ya san halinsa kamar tafin hannunsa, amma ran nan ya manta.

Jauro ya ce, "Gaskiya ne, sobajo. Na gode." Ya saɓa sandarsa ya fita. Ƙwaryar kuwa a nan ya bar ta.

Kawu ya ce zai huce, kasuwa mai zuwa zai dawo ɗaukar ƙwaryarsa. Ya wanke ta, ya sa ɓarin ungurnu a ciki, ya rataye a dirkar rumfa. Kasuwa ta ci ta watse, wata ma ta ci ta watse. Da muka je rugar sai turaku da busasshen kashin shanu. Aka ce mana sun yi kudu.

Ruwa ya dawo, ciyawa ta dawo, wasu garkunan ma suka dawo. Duk Bafulatanin da ya tsaya a rumfarmu, kafin a yi maganar awo sai Kawu ya tambaye shi ko ya ga Jauro Hammadu, dogo, mai farar saniya mai karyayyen ƙaho. Wani ya ce Ngaundere, wani ya ce ya ƙetara Najeriya, da yawa suka ce bayan Poli. In ya hango dogon mutum da sanda a kafaɗa daga bakin kasuwa sai ya miƙe tsaye. In ya matso ya ga ba shi ba ne, ya koma ya zauna yana gyara buhun da ba abin da ya same shi. Kewarsa yake yi, kewa mai tsanani, kuma ba ya ɓoyewa. Na ce masa mu je mu nemo shi mana, ya ce wanda ya tafi da ƙafarsa don kada ya gan ka, ba ka bin sa ka ƙara masa nauyi. Ya hana kowa kawo masa kindirmo, wai duk na gari ruwa ne.

Ana nan sai ya fara barin tuwo a kwano. Daga nan ya daina zuwa kasuwa, ya bar min rumfa. Matarsa, Inna Hajara, ta yi kunu, ta yi fate, ta yi farfesu, ya kalla ya ce an gode. Muka kai shi asibiti, likita ya duba ya ƙwanƙwasa, ya ce bai ga ciwo ba sai tsufa da rashin ci, ya ba da maganin ƙarin jini. Malam Isiyaku ya yi rubutu, Kawu ya sha don kada ya ɓata wa malam rai. Ruwa ma sai an tuna masa. Amma abin da ya tsorata ni daban ne. Na dawo daga kasuwa na ce masa yau Fulani sun cika gari, bai tambaye ni ko an ga Jauro ba. Ya daina tambaya.

Ran nan da la'asar na same shi kwance a zaure, ido buɗe yana kallon azara. Na san idon nan, na gan shi a ruga. Na tsoma yatsa a buta, na goga a 'yar kanwar da ke aljihuna, na shafa masa a leɓe, ina dariyar ƙarfin hali ina cewa Kawu, yau abin ya zo kanka. Na koma gefe na tsuguna yadda ya koya min. Na jira har kanwar ta bushe ta yi fari a leɓensa. Bai lasa ba.

Washegari na sauke ƙwaryar daga dirka, na bar wa Malam Isiyaku amanar rumfa, na hau kamiyon mai zuwa kudu. Na sauka a mararrabar Poli, wata motar auduga ta ƙarasa da ni, daga nan sai ƙafa. Ƙasar duwatsu ce, mutanenta ba sa jin Hausa, ni kuma Fulatancina na ciniki ne, bai wuce nawa da rage min ba. Ƙwaryar ce ta yi min jagora. Duk rugar da na shiga sai in miƙa ta, mata su jujjuya su dubi zanen, su yi magana a tsakaninsu, su nuna min gaba. A wata ruga kusa da kogin Faro wata tsohuwa ta karɓa ta kalla, ta rufe baki da hannu. Matar Jauro ce, ita ta zana ta.

Na sami Jauro zaune ƙarƙashin wata bishiya, da 'yan shanun da ba su kai a kira su garke ba. Farar saniyar ba ta cikinsu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baffa, Kawu ne ba lafiya, ya daina ci, ya daina tambaya. Na ce in fushi ne a yi haƙuri, a dubi zaman da aka yi. Ya yi ta jujjuya ɓarin ungurnun da ya tarar a cikin ƙwaryar.

Ya ce, "Ba fushi ba ne, Sale. Da na fita daga wurinku rumfar gaba na shiga, suka ba ni. Na kasa kallon shanuna suna lasar ƙasa, na dama musu. Suka sha, suka yi ta kuka suna neman ruwa, suka bazama cikin rana. Kafin mu kai rijiya sun zube a hanya. Ya gaya min, ni ma na sani, kuma na yi. Da wane ido zan dube shi?"

Na ce masa idon da yake jin kunya ya kusa rufewa, in yana da sauran bukata da mai idon to ya tashi. Har yau ban san inda na sami bakin faɗa wa babba haka ba. Ya kira matarsa ya miƙa mata ƙwaryar. Da gari ya waye na same shi tsaye da sandarsa, ƙwaryar an rufe ta da faifai an ɗaure cikin tsumma. A kan kamiyon bai yarda kowa ya riƙe masa ita ba, a cinyarsa ta yi tafiyar, duk ramin da muka faɗa sai ya ɗaga ta sama. Ni kuwa addu'ata ɗaya ce, kada mu tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Muka iso da yamma. Ba tabarmi. Kawu na nan yadda na bar shi, sai dai ya ƙara shigewa cikin shimfiɗa. Inna Hajara ta ce tun jiya ruwa ma ɗiga masa take yi da ludayi. Jauro ya tuɓe takalmi ya shiga ya zauna a gefen kansa, bai tsaya doguwar gaisuwar nan tasu ba. Zauren ya cika da ƙamshin ruga, hayaƙi da man shanu da jikin dabba. Na ga hancin Kawu ya motsa. Jauro ya kwance tsumma, ya ɗaga faifai, ya tsoma yatsa a nonon, wanda ya riga ya yi tsami a hanya, ya shafa masa a leɓe ya janye hannu. Inna ta cusa bakin zanenta a baki.

Sai ga harshe.

Ya lashe, ya tsaya, ya sake lasa. Idon da ke kan azara ya sauko a hankali, ya yi ta yawo har ya sami fuskar Jauro, ya tsaya a nan. Leɓensa ya daɗe yana motsi kafin murya ta fito, 'yar siririya.

Ya ce, "An tsarma masa ruwa."

Jauro ya ce, "Kanwarka ma rabi ƙasa ce, sobajo."

Hawaye na bin gemunsa bai share ba, mutumin da ban taɓa ganin ko fuskarsa ta canza ba. Kawu ya ce a tashe shi zaune, ƙishirwa yake ji. Inna ta fita da gudu neman moɗa har tana tuntuɓe da dokin ƙofa.

Maganar shanun da suka zube ba wanda ya tayar da ita, a gabana dai. Jauro ya yi kwanaki a zaurenmu, Kawu na shan nono da dambu kaɗan-kaɗan kamar mai koyon ci. Kawu ya tashi, ya koma kasuwa da sanda, ya ƙara 'yan shekaru yana zagina a kan awo. Jauro bai dawo da shanunsa arewa ba, amma ƙwaryar ta ci gaba da tafiya a hannun direbobin auduga, ta je da ungurnu ta dawo da man shanu, tunda nono ba ya jure hanya. Kawu ne ya riga tafiya, na ci gaba da aikawa a madadinsa. Wata rana direba ya kawo min ita da man shanu a ciki, ya ce matar Jauro ta ce in yi masa addu'a, shi ma ya tafi. Ga ta can a dirka, da ɓarin ungurnu a ciki, ba wanda zan aika wa.

To kun ji sana'ar malalata. Awo kam a wuni ɗaya za ku iya. Abin da ke cin shekaru shi ne ka dubi mai rai ka gane abin da aka aiko shi nema, ka san lokacin bayarwa da lokacin hanawa, in kuma za ka hana, ka san inda za ka ja mutum ka gaya masa.

Ni yanzu na kai shekarun Kawu na wancan lokacin. Garkuna ba sa ratsa gari kamar da, makiyaya sun koma sayen dunƙulen gishirin kanti, rabin masu zuwa wurina tsofaffi ne irina. Ina kewar ƙasa ta yi rawa da kofato. Ina kewar musun Malam, ina kewar mutanen nan biyu ƙarƙashin tsamiya suna yi wa juna ƙarya. Amma Kawu nake kewa fiye da kowa. Wani lokaci in na fasa sabon kaya na ɗora a harshe, sai in juya in miƙa masa ya ɗanɗana, in ga dirka kawai. Shi da kewa ta kwantar da shi, akwai kamiyon da ke zuwa inda maganinsa yake. Tawa babu motar da ke zuwa can sai wadda ba a dawowa. Amma tunda ina jin ta tana ci na, na san da saurana.

Kai mai sunkuyar da kai, miƙo min butar can. Maganar nan ta busar min da maƙogwaro.